Sallahun Gwaggo Hajo

Tun da na dawo daga Beljik ba ku bar ni na sha shayi da daɗi a fadar nan ba. Wannan ya ce, "Nasiru, da gaske ne rana ba ta faɗuwa a can?" Wancan ya ce, "Ka ci alade ko ba ka ci ba? Faɗi gaskiya, ba mu gaya wa Baba." Kullum sai in yi dariya, in yago maku ɗan guntun labari, in kama gabana. To, kun ishe ni, yau zan ba ku shi daga tushe. Amma ku sani ba labarin ƙanƙara da jirgin ƙasa kaɗai ba ne. An ba ni sallahu da zan tafi, kuma wallahi sallahun nan ya fi karatun nauyi a kaina. Shi ya sa ba na son zancen.

Kun dai san yadda aka yi na samu gurbin karatu kyauta, in je in ƙaro ilimin ƙasar noma na shekara biyu. Da na gaya wa Baba sai ya dube ni ya ce, "Ƙasa ta ƙare a Gazawa ne, sai ka je wurin Nasara su nuna maka ita?" Ya yi mani addu'a duk da haka, ya ce in riƙe salla, sauran duk mai sauƙi ne. Inna kuwa ta cika mani jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji, kamar wanda za shi ƙasar da ba a girki.

Taksin da na shiga daga Gazawa bai kai Cadawa ba sai da taya ta fashe. Muka sauka muna tura mota gefen hanya, ni da sabuwar shaddata, wani ɗan kasuwa yana ta yi wa direba masifa wai albasarshi za ta ruɓe. Da ƙyar muka kai Maraɗi da la'asar. Washegari na wuce Gidan Rumji, don Baba ya ce kada in kuskura in bar ƙasar nan ban yi bankwana da yayarshi ba, Gwaggo Hajo.

Ga wanda bai sani ba, Gwaggo Hajo tana da ɗan fari, Lawali. Shekara goma da ɗoriya ke nan da ya tafi Beljik ɗin nan karatun likita. Ran da zai tafi, an ce rabin garin ne ya raka shi tasha. Shekarun farko yana kira, daga baya kira ya yi ƙaranci, daga nan lambar ta mutu. Ubanshi ya rasu ba a ji daga gare shi ba. Wani direban da ya yi zaman can ya ce ya taɓa hango shi da ranshi, iyakar abin da aka sani ke nan. Ita kuwa Gwaggo, kunyar ɗan fari ba ta barinta ko ta ambaci sunanshi, balle ta zauna cikin mutane ta ce tana kewarshi.

Na tarar da ita bakin turmi tana tsintar wake, ƙafafunta a kumbure. Na durƙusa muka gaisa, ta yi ta sa mani albarka. Sai da ƴan gidan suka watse sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, wagga ƙasa da za ka, babba ce?"

Na ce, "Ba ta kai jihar Maraɗi ba, Gwaggo."

"To, ashe mutum ba shi ɓacewa cikinta."

Ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin tabarma ta turo mani. Tun ban kwance ba hancina ya gaya mani daddawar batso ce, mai ƙarfin nan ta Gobir. Ta ce, "In Allah ya sa kunka gamu da wancan, ka ba shi wanga. Ka ce mai ba a aiko da hwaɗa ba. Ka ce mai ƙahwahu sun fara ƙi. Shi taho a gan shi, ko hannu rabbana ne."

Ni kuwa da ƙuruciya da ɗoki na bugi ƙirji na ce, "Gwaggo, in sha Allahu tare za mu dawo." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Hanyar Yamai ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kun sha ta. Na yi ƴan makonni a ɗakin wani abokina ina jelen buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan, kafin takardu su kammala. Jirgi kuwa, ban ɓoye maku ba, da ya ɗaga sai da na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

A filin jirginsu aka fara yi mani wulaƙanci mai ladabi. Wani ɗan duwan mai binciken kaya, fari sol, ya buɗe jakata ya zaro kilishin Inna, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi magiya, na ce busasshe ne, ya ce ko toka ne. Ina ji ina gani ya jefa shi cikin kwandon shara. Haba! Kilishin da Inna ta aika har Maraɗi aka sayo! Daga nan ya kai hannu kan ƙullin Gwaggo. Yana kwancewa ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokin aikinshi, su biyu suna kallon abin suna kallona. Ya ce wace dabba ce wannan? Na ce ba dabba ba ce, ƴaƴan yakuwa ne. Ya ɗaga ƙullin da yatsa biyu ya miƙo mani, ya ce in ɗauka in tafi, don Allah da sauri.

Garin da lakol ɗinmu, wato makarantar, take ƙarami ne, gonaki kewaye da shi. Ɗakin da aka ba ni bai fi rumbun Baba faɗi ba, gado da tebur da taga. Kwana na farko na gamu da wata tsohuwa a matakala, na tsaya na gaishe ta yadda aka koya mana, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya sanyi. Matar nan ta rungume jakarta ta bi bango ta wuce. Daga baya na gane a can kalma guda ce gaisuwa, in ka ƙara ta biyu to wani abu kake nema.

Makewayinsu ba buta, takarda ce kawai. Na zaga garin nan kaf ban samu buta ba, sai na sayi ƴar gwangwanin da suke ba furanni ruwa, mai dogon baki. Maƙwabcin ɗakina, wani yaron kirki mai suna Tibo, ya yi ta ganina ina shiga ina fita da ita. Ranar nan sai ga shi da tukunyar fure ya kawo mani kyauta, wai ya lura ina son shuke-shuke. Na karɓa na yi godiya, me zan ce mashi?

Daddawar Gwaggo ma ta jawo mani magana. Amana ce, ban taɓa ta ba, na ajiye ta cikin kabad. Ba a yi mako ba mai kula da gidan ya zo da fitila yana neman mataccen ɓera. Dole na ƙulle ta cikin leda kan leda na rataye a bayan taga, can ta sha sanyi tare da ni.

Salla ita ce babban aiki. Da hunturu ya shiga, azahar da la'asar da magariba duk sai su taru a cikin lokacin aji, ka fito ka tarar duhu ya yi. Na samu wani lungu ƙarƙashin matakala inda ake ajiye tsintsiya, nan nake shimfiɗa rigar sanyina in yi. Wata rana mai shara ta shigo ta same ni da ƙafa guda cikin kwamin wanke hannu ina alwala, ta yi tsaye, ni ma na yi tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Juma'a kuwa sau da yawa ta wuce ni ina ɗakin gwaji ina auna ƙasa, abin yana ci mani rai. Akwai malamarmu, dattijuwa, da ta miƙo mani hannu ran farko na dafe ƙirji na sunkuya. Na ɗauka na jawo wa kaina, amma tun daga ranar in ta gan ni sai ita ma ta dafe ƙirjinta. Abinci kuwa, tsoron alade ya sa na yi wata guda daga burodi sai ƙwai sai soyayyen dankali, har wandona ya fara zamewa.

Duk wannan ina yi, sallahu na raina. Duk ranar da ba aji sai in hau jirgin ƙasa in tafi babban birninsu neman Lawali. Na bi masallatansu, waɗanda yawanci tsofaffin garejin mota ne aka shimfiɗa wa darduma, ina tambayar duk baƙin mutumin da na gani. Sai bayan watanni aka haɗa ni da Malam Hamani, wani Bazabarme mai kantin kayan miyar gida kusa da tashar jirgi. Ya ce, "Akwai wani Bahaushe da ke zuwa sayen busasshiyar kuɓewa ran Asabar. Ba ya hira da kowa, ba ya zuwa taronmu. Zauna ka gani."

Asabar ta farko bai zo ba, ta biyu ma haka. Ta gaba ina zaune kan buhun shinkafa sai ga wani dogo ya shigo da hular sanyi har gira. Tafiyarshi ce ta tona shi, sak ta Baba. Kun san Lawali taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, a wasanmu ni ne ubangida. Sai na daure na ce, "Kai, bawana! Ka gudu ka bar mani noma, ka ɗauka ba ni biyo ka?"

Ya juyo ya dube ni. Ya bar ni ina yaro, bai gane ni ba. Na ce, "Nasiru ne, na Gazawa, ɗan kawunka." Na ga idonshi ya tafi wajen ƙofa, wallahi na ɗauka gudu zai yi. Sai na yi maza na zaro ƙullin Gwaggo da nake zuwa da shi na ɗora mashi a hannu. Ya kai hanci. Mutumin nan ya zauna kan buhun da na tashi, Malam Hamani kuwa ya shige ciki ya bar mu.

Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce, "Ita ta faɗi haka? Da bakinta?" Na ce da bakinta. Ya ce, "Baba fa?" Ashe bai ma san ubanshi ya rasu ba. Ni na gaya mashi, a cikin kantin kuɓewa.

A ɗakinshi ya ba ni nashi labarin. Ya faɗi jarrabawar shekara ta uku, ya maimaita ya sake faɗuwa, aka sallame shi. Ya ce, "Nasiru, garin da ya raka ni tasha yana ce mani likita, in kira in ce masu me? Na ce bari in gyara tukuna sannan in kira. Wata ya zama shekara. Daga baya kuma kunyar shirun ta fi kunyar faɗuwar." Ya sha wahalar takardu, ya yi wanke-wanke, ya yi dako, har ya samu aiki a gidan tsofaffi, can yake har yanzu.

Ya taɓa kai ni wurin. Jama'a, wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan, ba ƙanƙara ba. Gida ne mai tsabta kamar asibiti, cike da tsofaffi, kowa da ɗakinshi, kowa na kallon taga. Ƴaƴansu suna nan da rai, sai ran Lahadi su leƙo da fure su tafi. Na ga Lawali ya ɗauki wata tsohuwa cak ya gyara mata kwanciya, ya shafa mata mai a ƙafa, yana ba ta abinci da cokali yana lallashinta kamar jaririya, ita kuwa tana riƙe da hannun rigarshi. Da muka fito bai dube ni ba ya ce, "Ka gani ko? Ina wanke uwar wani, tawa tana can."

Na ce to ga waya, mu kira Gwaggo yanzu. Ya ƙi. Ya ce in gaya wa gida yana raye yana lafiya, iyakarta ke nan. Da na kira Inna ta yi guɗa har sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce, "Wane aiki yake?" Na ce, "Kula da marasa ƙarfi yake yi." Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe likitan ya tabbata!" Na buɗe baki in gyara, sai na ce a raina ai rufin asirin ɗan'uwa ba laifi ba ne. Na bar ta a haka.

Ba a daɗe ba ni ma tawa ta same ni. Jarrabawar farko na faɗi lissafi warwas, ni da ban taɓa faɗuwa ba tun daga lakol ɗin Gazawa har Yamai. Na kulle kaina a ɗaki, ga sanyi ga duhu. Baba ya kira ban ɗauka ba, Inna ta kira ban ɗauka ba, ina cewa bari in gyara tukuna. Har salla ta fara yi mani nauyi, ina haɗa su ina ramawa. Ran nan da hantsi aka yi ta dukan ƙofata, na buɗe sai ga Lawali, ya hau jirgi ya zo don na daina amsa mashi. Ya dube ni ya dubi ɗakin ya ce, "Ɗauki wayar nan ka kira kawu."

Na ce, "Yaya, bari sai na sake jarrabawar."

Ya daka mani tsawa. "Haka na fara, wawa! Kira shi yanzu ina tsaye!"

Na kira. Na ce, "Baba, na faɗi jarrabawa." Baba ya ce, "Faɗuwa ce kawai? Kai, ka ɗaga mana hankali, mun ɗauka ciwo ne. Ba a sakewa?" Na ce ana sakewa. Ya ce, "To, sake mana." Lawali yana jingine da ƙofa yana ji, na ga ya juya fuska. Daga nan duk ranar hutunshi sai ya zo ya zaunar da ni kan lissafin nan, don kanshi yana ja har yanzu, har na sake na ci.

Azumin can kuwa sai wanda ya yi. Rana ta ƙi faɗuwa, ka yi la'asar ka jira ka gaji, ka sha ruwa ba ka gama narkar da abinci ba asuba ta yi. A ɗakin Lawali na yi yawancinsa. Shi ba ya azumi ba ya salla a lokacin, ya ce da wace fuska, amma kullum sai ya dama mani kunu ya yi tuwon garin alkama da miyar kuɓewa, yana gutsurar batson Gwaggo kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron ya ƙare. Ban taɓa yi mashi wa'azi ba, wa ya aike ni? Sai a azumi na biyu, ina shirin la'asar, na ji ruwa na zuba a makewayi, ya fito hannuwa a jiƙe ya tsaya gefena. Na ce, "Bawa ba ya jan ubangida salla, koma dama." Ya yi dariya, muka tayar.

Bayan sallar nan ne ya ce mani zai biyo ni gida in na gama. Amma da sharaɗi. Ya ce, "Kada kowa ya ji, Nasiru, kowa. Mu sauka Gidan Rumji kamar masu wucewa. In shiga in durƙusa in gaya mata gaskiya da bakina, kafin gari ya san na zo." Na ce na ji. Ya nemi hutu a wurin aiki, muka yanki tikiti rana ɗaya. Ya sayi takalma masu laushi na masu kumburin ƙafa, da man shafawa irin wanda yake shafa wa tsofaffinshi.

Ni kuwa murna ta hana ni zama. Na ci jarrabawar ƙarshe, ga digiri, ga Lawali, na cika alkawari. Na ce a raina, tsohuwa ce, in ta gan shi kwatsam ai sai zuciyarta ta buga, gara a shirya ta. Gaskiya kuma ina son a san ni ne na yi. Na kira Inna na ce, "Tare za mu dawo, amma kada ki gaya wa kowa." Ta ce bakinta alaikum. To, ta yaya Inna za ta riƙe irin wannan ba ta gaya wa Gwaggo ba? Ita kuma Gwaggo ta sa a share ɗaki, aka tambayi dalili.

Ana saura ƴan kwanaki mu taso, Lawali ya zo ɗakina da rana, bai ko cire rigar sanyi ba. Ya ajiye wayarshi kan tebur ya kunna wani saƙon murya. Wani saurayi ne daga Gidan Rumji yake shela a zauren hirar ƴan garin, wai albishir, Dokta Lawali na dawowa daga Turai, matasa su fito da babura a tarbe shi, an tanadi rago, masu marasa lafiya a gida su yi haƙuri sai ya huta kwana biyu. Saƙon ya yi yawo har ya iso wayar Malam Hamani, shi kuma ya tare Lawali a kanti yana ce mashi, "Dokta, ashe haka kake ka ɓoye mana?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mani. Ya ce, "Ubangidana, ka kyauta."

Na ce, "Yaya, ka yafe mani. Bari in kira in gyara, in ce ni na yi ƙarya."

"Ka gyara me? Da ni kaɗai ke da kunyar nan. Yanzu ita za a nuna a gari, a ce ga uwar likitan ƙarya."

Na yi ta roƙonshi, na ce Baba ma ka ji abin da ya ce da na faɗi, na ce ita fa cewa ta yi ko hannu rabbana. Ya saurare ni har na gama. Da zai fita ya ce, "To, mu gamu a filin jirgi."

Na je da wuri na tsaya bakin ƙofa da jakunkuna. Duk dogon baƙin mutum da ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Na kira, wayar a kashe. Aka yi kiran farko, aka yi na ƙarshe, na shiga. Kujerar da ke gefena babu kowa har Yamai. Lambar nan har yau da nake ba ku labari ba ta shiga, Malam Hamani kuma ya ce ya daina zuwa sayen kuɓewa.

Daga Yamai na kira Inna na gaya mata, na roƙe ta ta sanar da Gwaggo. Ta yi salati ta ce, "Ni ba ni iyawa. Kai ka ɗauki sallahu, kai za ka mai da amsa." Baba ma haka ya ce.

Motarmu na tsayawa a Gidan Rumji na hango babura jere bakin kwalta, samari na ta hon. Na sauko, suka yi caa, suna gaishe ni suna leƙen bayana. Wani har cikin motar ya shiga yana duba kujeru. Motar ta rufe ƙofa ta tashi. Na ce masu, "Aiki ya riƙe shi." Hon ya tsaya. Wani ya ɗauke ni a babur ɗinshi, muka wuce rago ɗaure a ƙofar gida.

Gwaggo na zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, da sabon zane, ta sa kwalli. Gabanta ƙwarya biyu na fura, kowace an rufe da faifai. Na yi sallama, ta amsa, idonta ya tsallake kafaɗata ya tsaya kan ƙofar zaure. Ya daɗe a can kafin ya dawo kaina. Matan da suka taru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har muka rage mu biyu.

Na durƙusa. Ta ce sannu da hanya, ya gajiya, ya mutanen can. Ba ta tambayi komai ba bayan wannan. Ni ne na kasa, na ce, "Gwaggo, ya yi niyya, wallahi har ya yanki tikiti. Ni na ɓata, ya ce kada a faɗa na faɗa. Kuma ba likita ba ne. Karatun bai yiwu ba, shi ya hana shi kira. A gidan tsofaffi yake aiki, shi ke yi masu wanka, ya ba su abinci, ya shafa masu mai."

Ta ce, "Tsofaffi?"

"E, Gwaggo."

"Da hannunai?"

"Da hannunshi."

"Shina haƙuri da su?"

Na ce, "Ban taɓa ganin mai haƙurinshi ba. Har cak yake ɗaukarsu."

Ta shiga murza yatsun ƙafarta da suka kumbura. Can ta ce, "Sun yi sa'a."

Ta ɗage faifan farko ta turo mani ƙwaryar, na sha. Sannan ta ɗage na biyun ta turo shi ma. Ta ce, "Sha wagga ma, kada ta yi tsami."

Cikina ya cika, amma tana kallona. Na ɗauki ludayi na shanye tashi.